Sabara: Darasin da ke Bayan Ajinmu

Jawabin da aka gabatar a taron haɗin gwiwa na malaman firamare na Boɗinga da Shagari

 



Da aka nemi mu yi jawabi a kan koyar da kimiyya a makarantun firamare, sai muka ga ya fi dacewa mu ɗauki abu guda wanda kowa a nan ya sani, mu tsaya a kansa. Abin da muka ɗauka shi ne sabara. Mun hangi wasunku sun yi murmushi, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin Bahaushe ya ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Muna roƙon ku ba mu aron kunne, ku ji dalili.

A zangon karatun da ya wuce muna koya wa 'yan aji biyar sassan fure. Muka zana a allo furen da ke cikin littafi, wani jan fure mai faɗi da ake dasawa a gidajen birni don ado. Yara suka kwafa, suka haddace, kuma da muka yi gwaji mafi yawansu suka ci. Bayan mako guda muka tsaya da su a bakin taga, muka nuna musu sabarar da ke bayan ajin, muka ce, “Wannan tana fure?” Kusan dukansu suka ce a'a, ai sabara ce. Sai wata yarinya daga can baya ta ɗaga hannu, ta ce, “Malam, tana yi. Ƙananan dunƙule ne, ƙudan zuma ma na zuwa musu da hantsi.” Wannan yarinya tana cikin waɗanda suka faɗi gwajin. Kullum a makare take zuwa, domin sai ta yo itace kafin ta ɗauki jaka. Ranar nan mun koma gida da nauyin zuciya, saboda mun ba da maki ga waɗanda suka haddace furen da ba su taɓa gani ba, mun hana wadda ta san furen da ke gabanta. Daga nan muka ɗaura niyyar mu san sabara yadda ya kamata, kuma abin da muka tattara ne muka kawo muku.

Mu fara da suna. Masana tsirrai na duniya suna kiran sabara Guiera senegalensis. Wani Bafaranshe mai suna Michel Adanson, wanda ya zauna a ƙasar Senegal tsakanin 1749 da 1753 yana tattara tsirrai, shi ne ya ɗauko kalmar farko daga sunan da Wolofawa ke kiran ta da shi. A 1791 wani Bajamushe, Johann Friedrich Gmelin, ya tabbatar mata da cikakken sunan. Adanson ɗin nan shi ne aka sa wa kuka sunansa, ake ce da ita Adansonia digitata. A nan Arewa kuma, wani likita ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya bi manoma da makiyaya da masu magani yana rubuta sunayen tsirrai da Hausa, har ya buga littafinsu a 1916. Abin lura shi ne, masanan nan daga bakin talakawa suka fara ɗaukar ilimin, sa'an nan suka tsara shi. Iyayen ɗalibanmu su ne magadan waɗancan talakawa.

A wajen masana, sabara dangi ɗaya ce da geza da taramniya da marke da baushe. Sai dai a cikin wannan dangi ita kaɗai ce a ɗakinta, babu wani tsiro da ya raba sunan Guiera da ita. Ba ta cika zama itaciya mai gindi ɗaya ba. Rassa da yawa ne ke tasowa daga tushe guda, tsawonsu daga mita 1 zuwa 3, wani lokaci ya zarce in an ƙyale ta.

In muka tsinko reshe muka riƙe a gaban yara, abin da za su fara gani shi ne ganyen yana fitowa bibbiyu, wannan yana fuskantar wancan. Tsawon kowane bai wuce santimita 3 zuwa 5 ba. Launinsa toka-toka ne, kuma dalilin haka shi ne wani lallausan gashi da ya lulluɓe shi. Gashin nan yana rage zafin ranar da ke dukan ganyen, yana kuma rage ruwan da iska ke zuƙewa daga jikinsa, shi ya sa sabara ke riƙe ganyenta har cikin rani, bayan ciyawa ta bushe ƙurmus. In aka juya bayan ganyen za a ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yayyafa tawada. Da wannan alama ko yaro ɗan aji uku zai iya bambanta ta da wasu.

Furen kuwa, kamar yadda yarinyar nan ta faɗa, dunƙule ne kamar ƙaramar ƙwallo a kan siririn tsinke, launinsa tsakanin fari da ruwan ɗorawa. Amma abin da muke ɗauka fure ɗaya taron furanni ne masu yawa da suka cunkushe wuri guda. In aka ɓalle ɗaya aka duba da gilashi mai ƙara girman abu, za a ƙirga ganyen fure 5 da siraran zare 10 masu ɗauke da garin fure. Wannan gari shi ne ke manne wa ƙudan zuma da sauran ƙwari, su kai shi daga wannan fure zuwa wancan, a sami 'ya'ya. An fi ganin furen daga ƙarshen damina zuwa cikin rani. 'Ya'yan dogaye ne sirara, santimita 3 zuwa 4, sun fito daga wuri ɗaya sun baje kamar ƙafafun gizo-gizo, kowane sanye da gashi mai sheƙi kamar alharini, kuma ƙwayar iri ɗaya ce a cikinsa. Gashin shi ke taimaka wa iska ta ɗauke su zuwa wani wuri. Akwai kuma wasu ƙulle-ƙulle da kan fito a rassanta, waɗanda yara kan zaci 'ya'ya ne, alhali ƙwari ne ke haddasa su. Ku duba, a reshe guda mun sami darasin ganye, da na fure, da na barbara, da na yaɗuwar iri, da na zaman ƙwari da tsirrai, ba mu sayi komai ba.

Amma mafi girman sabara yana ƙarƙashin ƙasa. Tana da saiwa mai nutsawa can ƙasa inda laima take, da wasu saiwoyi masu bazuwa kusa da sama. Saboda haka ne manomi zai sare ta ƙasa-ƙasa lokacin sassabe, ya cinna mata wuta, amma kafin a yi maimai ta sake toho. Muddin tushen na nan, sabara na nan.

Yanzu mu koma ga inda take fitowa. In muka shimfiɗa taswirar Afirka, mazaunin sabara ya yi kama da ɗamara da aka ɗaura wa nahiyar a ƙasan Sahara. Ya faro daga bakin tekun Atilantika a Senegal da Gambiya da kudancin Muritaniya, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya da arewacin Kamaru da Cadi, har ya dangana da Sudan. Ya ɗan leƙa arewacin Gana da Togo da Binin. A ƙasarmu ana samun ta a jihohin Sakkwato da Kabi da Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno. In matafiyi ya nausa kudu, zai ga tana raguwa sannu a hankali har ya daina ganin ta, domin ba ta zama a kurmi. In kuma ya nausa arewa ya doshi hamada, can ma za ta rabu da shi a hanya.

Abubuwa uku ne suka shata mata wannan iyaka. Na farko ruwan sama: ta fi jin daɗi inda ake samun milimita 400 zuwa 800 a shekara, damina gajera, rani dogo. Yankinmu yana cikin wannan ma'auni, tun da ruwanmu na watanni huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Na biyu irin ƙasa: tana son tudu da jigawa da ƙasa mai yashi da tsakuwa, ba ta son fadama inda ruwa ke kwanciya. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Boɗinga, ya nufi Shagari, in ya lura zai ga haka da idonsa: a kan tudu ga ta nan birjik a gonakin hatsi, da an gangara fadama sai ta ɓace, wasu tsirrai su karɓi wurin. Na uku hannun ɗan'adam: sabara tana son sarari da hasken rana, don haka inda aka sare manyan itatuwa, ko aka bar gona ta zama saura, ita ke fara mamaye wurin. Yawanta a wuri kan nuna cewa ƙasar ta sha noma da kiwo ta gaji. Ita ce ke tsayawa gadin ƙasa bayan manya sun tafi. In kuwa aka tumɓuke ta har saiwa, abin da kan rage shi ne tumfafiya da yashi mai tafiya da iska.

Kusan babu gidan da ba a taɓa moran sabara ba a yankin nan. Ita ce itacen girkin talaka, da ita ake shinge, awaki da raƙuma suna cin ganyenta lokacin da abinci ya yi wuya, makiyaya suna turara ta don korar ƙuda daga garke. Iyayenmu mata sun san ta a wajen jego, masu maganin gargajiya kuma suna ba da ita don tari da ciwon ciki, har masana a jami'o'i suna bincike a kan sinadaran da ke cikinta. A nan wajibi ne mu yi hattara da harshenmu a gaban yara. Aikinmu mu gaya musu abin da mutane ke yi da ita, ba mu rubuta musu magani ba. Yaron da ke zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiran saiwa ta dahu.

Akwai wani amfani nata da manomanmu suka daɗe da lura da shi. Ku tambayi duk dattijon da ya tsufa a kan hauya, zai gaya muku geron da ke kusa da gindin sabara ya fi na fili tsawo da kauri. Wani ɓangare na dalilin a bayyane yake. Rassanta suna tare ƙurar da hunturu ke kwasowa, ganyenta yana zuba ya ruɓe, dabbobi suna fakewa a jikinta su bar taki, har ka ga gindin ya yi ɗan tudu. Ɗaya ɓangaren kuwa a ɓoye yake, sai da masana na Senegal da Amurka suka yi shekaru suna gwaji a gonakin gero na Senegal kafin su tabbatar da shi. A sakamakon da suka buga a 2018 sun nuna cewa da dare, lokacin da ƙofofin ganye suka rufe, saiwar sabara tana ci gaba da janyo ruwa daga ƙasa mai zurfi, sai wani sashe na ruwan ya tsattsafo ta saiwoyin sama zuwa busasshiyar ƙasa, gero ya sha. Sun gane haka ne ta hanyar zuba ruwa mai alama a can ƙasa inda saiwar gero ba ta kai ba, daga baya suka sami alamar a jikin geron. Sun kuma ga cewa in aka bar sabara da yawa a gona, aka riƙa sare rassanta ana daddatsawa ana mayar wa ƙasa maimakon ƙonewa, amfanin gona yana ƙaruwa ƙwarai, musamman a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci.

Kada mu ce Senegal ta yi nisa. In aka bi ta Illela aka tsallaka Ƙonni aka yi gabas, za a isa Maraɗi, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka yi abin da duniya ke zuwa kallo. Bayan farin shekarun 1970 ƙasarsu ta yi tsirara, aka yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tohon da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke ɗauka ciyayi ne, suna da tsofaffin saiwoyi masu rai a ƙasa. Sai shi da manoman suka fara wata dabara: maimakon a sare komai, a zaɓi rassa ƙarfafa kaɗan a kowane tushe, a kakkaɓe sauran, a kare waɗanda aka bari. Suka sa wa abin suna sassaben zamani. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka rungume shi, daga nan kuma ya bi gona-gona da kansa. Masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma sabara da kalgo da gawo suna cikin waɗanda suka dawo. Ba a yi wannan da injin ban-ruwa ba, da wuƙa da gatari da haƙuri aka yi shi.

Jiharmu tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda kuma aka kafa masa hukuma a ƙasar nan a 2015. Dashen itatuwa abu ne mai kyau, kuma makarantunmu sun sha karɓar dashe. Amma kowannenmu ya san yadda dashen kan ƙare in aka tafi dogon hutu, babu mai ban-ruwa, awaki kuma suna yawo. Sabara ba ta neman bokiti. Abin da take nema kawai a daina tumɓuke ta.

Ga shi kuwa ana tumɓuke ta. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun matse, an daina barin saura, itace ya yi tsada, har an koma haƙo saiwoyi don girki. Dattawan garuruwanmu suna nuna mana wuraren da a da akuya kan ɓace a cikin sabara, yau kuwa ana hango mutum daga nesa. Wannan ba ya tsaya a gona ba, yana biyo mu har cikin aji. Duk lokacin da itace ya ƙara nisa, yarinyar da ke yo shi tana ƙara makara. Duk shekarar da gero ya gaza, muna ganin gurbin yaran da suka bi iyayensu cin-rani a rajistarmu.

Saboda haka muna kawo wa wannan taro shawarwari huɗu, waɗanda babu wadda ke bukatar kasafi a cikinsu.

Ta farko, duk lokacin da manhaja ta kawo mu darasin tsirrai, mu shiga aji da reshe a hannu, ko mu fita da yara zuwa gindin tsiron. Mu fara da sunan da suka sani, mu bar su su taɓa, su ƙirga, su zana abin da suka gani, sa'an nan mu ba su kalmomin littafi. Shi kansa jan furen da ke cikin littafin ɗan'uwan yakuwa ne da rama da kuɓewa, waɗanda ke bayan ɗakin kowace uwa da damina. Rashin ɗakin gwaje-gwaje damuwa ce ta gaske, kuma ba za mu daina faɗa ba, amma bai hana mu wannan ba.

Ta biyu, kowace makaranta ta keɓe tushen sabara 5 ko 10 a harabarta, a raba wa azuzuwa. Yara su yi musu sassaben zamani, su riƙa auna tsawonsu da igiya da rula a farkon kowane wata, su rubuta ranar da fure ya fito da ranar da 'ya'ya suka nuna. In akwai lambun makaranta, a shuka gero kusa da tushen, a shuka wani nesa da shi, da kaka a gwada zangarniya. Gani ya kori ji, kuma a ciki an yi lissafi, an yi rubutu, an yi aikin gona.

Ta uku, mu haɗa taswirar sabara ta ƙananan hukumomin nan biyu. Malamin da ke Dingyaɗi, da na Sifawa, da na Kajiji, da na Dandin Mahe, kowa ya sa ɗalibansa su lura da hanyarsu ta zuwa makaranta: ina take da yawa, ina ta yi ƙaranci, wace irin ƙasa ce a wurin, waɗanne tsirrai ke kusa da ita. A taronmu na gaba mu jera takardun, mu ga abin da za su nuna mana. In muka dore da wannan shekara biyar, za mu mallaki bayanin da ko masana na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su so su gani.

Ta huɗu, mu tura yara su tambayi kakanninsu da ungozoma da makiyaya abin da suka sani game da sabara, da sunanta a Fulatanci, da wuraren da take a da. Yaron da ya ga malaminsa ya rubuta maganar kakarsa a allo ba zai ƙara raina gidansu ba, uban da aka tambaya kuma zai fara ɗaukar makarantar a matsayin tasa.

A duk wannan mu kiyaye lafiyar yaran da aka ba mu amana. Kada a yi nisa da gari, kada a shiga gonar kowa sai da izininsa, a bubbuga gindin da sanda kafin a sa hannu saboda maciji da kunama, a kuma gargaɗe su game da nonon tumfafiya, domin yana yi wa ido illa.

'Yan'uwa, wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda kwalejin da ta horar da yawancinmu ke ɗauke da sunansa, malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Da ya so yara su san labarin ƙasarsu, sai ya tsara musu Waƙar Nijeriya da harshen da suke ji. Ya kai ilimi inda ɗalibi yake tsaye, daga nan ya ja shi gaba. Abin da muke kira gare shi ke nan.

Yarinyar da muka ba ku labari, mun sake mata gwajin, wannan karon da reshen sabara a kan tebur. Ta nuna kowane sashe, ta faɗi aikinsa, har ta gyara mana kuskure a kan ƙulle-ƙullen nan, ta ce ta sha fasa su ta ga ƙwaro a ciki. Yanzu ita ke riƙe da littafin awon sabarar ajinsu. Har yau tana makara wasu ranaku, domin itacen bai matso kusa ba tukuna. Akwai irinta a kowane aji da muke shiga, kuma alhakin gano su yana wuyanmu.

 Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure ku gyara mana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana yaranmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.